Aminina Ya Daina Tsokanata

Malam mai wannan fili, don Allah ka taimake ni. Ko matata ban gaya wa ba, dariya za ta yi mini.

Da tela ne ni. Shagona yana jikin na wani mai aski, benci ɗaya muka yi shekara goma sha biyu muna zama a kai. Gajere yake ce mini, ni in ce masa Sarkin Sanƙo. Sai Allah ya buɗa mini a harkar yadi. Yanzu gidana hawa biyu ne, yarana ma ta waya nake kiransu daga ɗakunansu.

Bara na sa aka gyara masa shago ban ko tambaye shi ba. Madubi bango guda, kujeru masu juyawa, aka kwashe bencin. Tun ranar, in na shiga miƙewa yake yi da ranka ya daɗe, ya bar kan wani rabi ya fara nawa. In na tsokane shi sai murmushi.

Tsohon keken ɗinkina yana ɗakin sama. Da la'asar nakan zauna ina taka shi babu zare, rana na shigowa ta taga, sai in ga kamar layinmu ne ke wucewa a hankali. Ina jin almakashinsa ta bayan katako, ina jira ya leƙo ya ce ɗinkina ya karkace. Har amsa nake shirya masa. Wallahi kewarsa nake yi, alhali tafiyar minti goma ce tsakaninmu.

Tsohon Tela

Amsa

Ɗan'uwa, niyyarka mai kyau ce, arziki kuma ba laifi ba ne. Shi ma ya cika nauyin baki, da ya faɗa maka abin da ke ransa. Amma in baki ya ci, ido kan ji kunya. Kullum ya buɗe shago alherinka yake gani a bango, da wane baki zai tsokane ka?

Kada ka ƙara masa ko tsinke. Ka ajiye mota ka taka da ƙafa, ka jira layi kamar kowa. In kun keɓe, ka gaya masa ka yi kuskure da ba ka tambaye shi ba, kuma kana kewarsa. Ba rana ɗaya zai saki jiki ba, ka yi ta zuwa.

Ranar da ya aika a kawo muku shayi, ka riƙe hannunka kada ya je aljihu. Ka sha, ka yi godiya, ka bar shi ma ya ba ka wani abu. Allah ya maido muku da zumuncinku.