Ƙofar Motar Baba

Kwararafa, Jos
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Isa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Ummusalma da yara. Yaya aiki, yaya zafin Lakwaja? Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ka sani. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida shan hantsi.

Na rubuto ne in ba direba a tashar Laranto, don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Jiya da safe na dawo daga sayo wa Umma koko, sai na tarar an yaye tamfol daga kan akori-kurar marigayi Baba. Baba Moruf mai walda yana tsugune a jikin ƙofar direba, ya jona sabon injin da muka sayo. Kafin in ajiye kwanon ya ɗana wuta sau uku. Rami uku suka fito, Yaya, kowanne babban yatsa zai shige. Na ƙarshen saura kaɗan ya ci rubutun MADARA DAGA VOM da Baba ya yi da hannunsa. Komai na motar nan za a samu wurin masu tsofaffin kaya, amma ƙofar nan ita kaɗai ce.

Shekara guda ke nan duk Asabar in na rufe shagon ɗinki ina kankare tsatsar motar nan. Da ka ce mu sayi injin walda na gida, mu gyara ta da kanmu, mu riƙa liƙe ƙananan abubuwa, sai da na yi sati uku ina zuwa garejin Sylvester mai gyaran jikin mota. Kallo kawai nake. Abin da na gani shi ne jikin mota ba get ba ne, bai fi murfin tukunya kauri ba. Shi Sylvester da wani inji yake aiki, Mig suke ce masa. Siririyar waya ce take fitowa da kanta, ga tukunyar gas a gefe. Yakan rage wutar can ƙasa, ya ɗiga nan, ya tsallaka ya ɗiga can, ya jira wurin ya huce. Ko sau ɗaya ban ga ya huda ƙarfe ba. Wannan na so in gaya maka ranar da ka ce in bi Baba Moruf kasuwa in yi shiru.

Ka san yadda shi da mai shago suka zaɓi injin? Ɗagawa suka yi. Baba Moruf ya ɗaga wani injin Mig da hannu ɗaya, ya yi dariya ya ce wannan ai rediyo ne. Ya je ga wani ƙato mai aiki da sandar walda, ya kasa motsa shi sai da mai shago ya kama masa, nan take ya ce wannan ne na gaske, cike yake da tagulla. Aka gwada shi a kan ƙarfe mai kaurin tafin hannu, ya kama tsaf, kowa ya yaba. Ni kuma na je da guntun tsohon jikin mota a cikin jakata. Na fito da shi na ce don Allah a gwada a nan. Mai shago ya ce tela ya zo da ƙyalle. Suka yi ta dariya, Baba Moruf ya kira ka, ka ce shekararsa talatin yana walda. Gaskiya ne, rabin get-get ɗin unguwar nan aikinsa ne. Amma ka taɓa ganin mota a bakin shagonsa?

Da ramukan suka fito, da farko ya ce wutar NEPA ce ta yi yawa, daga baya ya ce tsatsa ce. Ya ce ba komai, ranar Asabar zai ƙarasa, ya cike ramukan da fila, ƙullun nan na toshe rami a jikin mota, ya goge ƙofar gaba ɗaya a bi ta da fenti, tunda ka ce a gama kafin ka zo Sallah. Har da rubutun ke nan. Abokin Baba ne, da shi aka ɗauki makararsa, ba zan ɗaga masa murya ba. Sai da ya tafi shago na kira maƙwabcinmu Badung, muka kwance ƙofar muka kai ta ɗakin Umma, muka jingine bayan gadonta. Ta daɗe tana shafa rubutun, sannan ta ce, "Duk mai son ta, ya shigo ya ɗauka a gabana."

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Mai shagon da ya sayar mana da injin ya yarda zai karɓi ƙaton ya ba mu Mig in ba a wuce Juma'a ba, amma ya ce sai ya ji daga bakinka, tunda da kai aka yi magana. Ka ce masa mai amfani da gas muke so, ba wanda babu gas ba, shi wannan tartsatsi gare shi kuma yana cin ƙarfe marar kauri. Ya zama yana ɗaukar siririyar waya, ana iya rage masa wuta sosai, kuma janaretonmu zai ja shi. Na yi alkawari sai na yi wata guda ina koyo a kan tarkace kafin in kusanci motar.

Ban taɓa yi maka musu ba, Yaya. Amma in ba ka kira mai shagon ba, za ka zo Sallah ka tarar da motar babu ƙofa, kuma haka za ta zauna.

Umma tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara. In kana ganin na ƙara gishiri, ba ni kaɗai na gani ba. Ƙanwarmu Hussaina tana wanke-wanke a wurin, Badung yana leƙe ta kan katanga. Ko ka tambayi Baba Moruf da kansa. Da ya ɗauka ba mai kallonsa, na ga ya sa yatsa a ramin ƙarshe, ya daɗe bai cire ba.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Badruddeen