Na Faɗi Sunanka a Gaban Nas

Assalamu alaikum, ɗan nan. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙanwarka Binta ke rubutawa, ni ke faɗa.

Labarin 'yarka Nana na kawo maka. Zazzaɓi ya kwantar da ita, amma kwantar da hankalinka, ta tashi.

Ka tuna naka? Ka dawo daga kamfanin fata na Challawa kana rawar sanyi, muka ce ai na sauro ne. Aka sayo magani a kemis, aka lulluɓe ka da bargo. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba na kamawa, balle in zauna kusa da kai. Daga bakin ƙofa nake leƙe in wuce.

Da aka kai ka asibiti, na zaci allura za su fara yi. A'a. Nas ɗin da ta karɓe ka ƙirjinka ta tsaya tana kallo, yadda numfashi ke hawa da sauka. Ta riƙe hannunka, ta auna jini, ta ce ya yi ƙasa. Ta tambaye ka inda kake, ka ce kana wurin aiki. Sai ta juyo gare ni, wai rabonka da fitsari yaushe? Ni ina zan sani?

Ita ta cire maka safa. Ashe ƙarfe ya yanke ka a ƙafa, kana ta cusa ta a takalmin roba kana fita aiki, ciwon ya shiga jini. Ta ce, “Mama, zafin jiki ƙararrawa ce kawai, inda wutar take muke nema.” Sun yi ƙoƙari, ɗan nan. Kwana ne ya ƙare.

To, da Nana ta kwanta, ban tsaya a ƙofa ba. Na yaye zanen, na duba ta har tsakanin yatsu, babu rauni. Tana cewa, “Tsohuwa, yaushe kika zama likita?” Amma numfashin nan sama-sama yake, ta wuni ba ta zaga ba, zuwa la'asar ta fara kirana da sunan malamarsu. Maƙwabta suka ce a bari a ga gobe. Na ce a tsayar min da adaidaita.

Da muka isa asibiti, kafin nas ta tambaya na zayyana mata komai. Ta saurari ƙirjin, ta kira likita da gudu. Ashe a huhu abin yake. Aka sa ruwa, aka sa allurai.

Da hankali ya kwanta, nas ta ce 'yar waye? Binta ta buɗe baki za ta amsa min kamar kullum, na riga ta. Na ce 'yar Sulaimanu ce, ɗana na fari.

Sulaimanu. Ka ji, na sake faɗa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya raya maka ita, ya sada mu a Aljanna.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna