Matata Ba Ta San Innarta Ta Rasu Ba

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a sassauta mini zagi, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan Najeriya ne, ina sayar da yadi a Douala, muna zaune a unguwar New Bell da matata da 'yarmu Ilham. Takardar zaman matata ta ƙare tun bara, na yi ta zirga-zirga ban samu sabuntawa ba, shi ya sa ba ta wuce bakin layinmu. Ko kasuwar Ndokoti da ke nan cikin gari ba ta zuwa, don jami'ai in sun tare mota takarda suke fara tambaya. Rayuwarta daga ɗaki sai tsakar gida, sai wayar da take yi da Innarta.

Wata biyu da suka wuce ina shago yayanta ya kira ni, ya ce Inna ta rasu, har an kai ta. Ya ce, "Kai ke kusa, ka san yadda za ka gaya mata." Lokacin cikinta wata bakwai. Na yi yadda muka saba, ba a sauke wa mutum mutuwa lokaci guda. Na je gida na ce jikin Inna ya ɗan matsa, da niyyar in ƙarasa bayan la'asar. Ina dawowa daga masallaci na tarar ta haɗa jaka. Ta ce, "Baban Ilham, gobe zan kama hanyar gida." Na tsaya ina kallon cikin nan. Shinge nawa ne tsakaninmu da iyaka, ga ba takarda? In ma ta tsallake, hanyar garinsu ba ita ce ake kwashe mutane da rana tsaka ba? Wadda jinya ta sa ta haɗa jaka, in ta ji mutuwa wa zai riƙe ta? Kawai na ji bakina ya ce, "An sake kira, ta samu sauƙi."

Na roƙi yayanta ya ja kunnen 'yan gida. Ita kuma na ce mata an katse layin waya a yankinsu saboda 'yan bindiga, ta yarda, don an taɓa yi. A masallaci na karɓi ta'aziyya, sadakar bakwai a shago na raba ta. Kullum sai ta yi wa Inna saƙon murya, wai in layi ya dawo za su shiga gaba ɗaya. Wani lokaci ina cin abinci za ta miƙo mini wayar ta ce in gaishe da Inna. Kuma in gaisa, har in tambayi jiki. Wallahi na gaji, yanzu ko shiga gidana nauyi yake mini.

Ranar Asabar ta haihu, mace, ta ce sunan Inna za a sa. Jiya Hajiyar da muke haya a gidanta, haifaffiyar nan Douala, wadda ke yi mata wankan jego, ta tare ni a ƙofa. Ashe mijinta ya gaya mata zancen rasuwar. Ta ce, "Malam, se pa bon, wannan bai yi kyau ba wallahi. Ran suna mata za su cika gidan nan, rabinsu sun sani. Wata za ta yi barka ta haɗa da gaisuwar rashi. Ka gaya mata da bakinka, sinon, in ba haka ba, ni zan gaya."

Suna jibi ne. In na faɗa yanzu, jegonta ɗanye ne. In na yi shiru, a bakin baƙuwa za ta ji, cikin taro. Na san tsoro ne ya sa ni, amma abin da ke ci mini rai shi ne wata biyu cur ba ta roƙa wa uwarta rahamar kabari ko sau ɗaya ba. Duk sallah lafiya take roƙa mata, ina ji, ina cewa amin.

Jama'a, me zan yi?