Tagogin Gidanmu na Tirwun, Bauchi

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ku da Inna da su Fati. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sanyin ƙasar nan ne kawai har yau ban saba da shi ba.

Fati ta ce tun shigowar zafi kun ƙaurace wa sabon falo, kun koma wuni a gindin mangwaro. Baba, laifina ne. Manhajar da na zana gidan da ita tana auna rana da iska, amma na manta ban sauya mata gari ba. Da yanayin nan, inda ake marmarin rana, ta amince da manyan tagogin gilashi ta yamma. Jiya na sa mata Bauchi, falon ya yi jawur, alamar zafi.

Malam Ɗanlarai magini ya gargaɗe ni a waya, na ce kwamfuta ta fi shi sani. Kuka goyi bayana a gaban leburorinsa, wannan ya fi damuna.

Don Allah ku ba shi haƙuri a madadina. Duk tagar da ya ce a toshe, a toshe. Kada a jira zanena.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanku,
Mansir