Bango Mai Huji a Sabuwar Kotu

Litinin, 3 ga Maris

Yau muka tare a sabuwar kotu. Shekara talatin da ɗaya ina kiran shaidu, ban taɓa aiki a ginin da ake hango sararin sama ta jikin bangonsa ba. Bangon zauren shari'a, daga kafaɗata zuwa rufi, bulo ne mai huji-huji kamar rariya. Wai iska ta riƙa wucewa, ba sai an kunna na'urar sanyi ba. 'Yar ƙanwata ce ta zana ginin, don haka na ja bakina. Ni na laƙaba mata Injiniya tun tana jera gwangwanaye a tsakar gida. Ga inda tsokana ta kawo mu.

Laraba, 5 ga Maris

Babu ɗakin shaidu. Sau biyu na zagaya. Ga tankin ruwan sama, ga farantan sola, ga gangara don masu keken guragu, har da wurin shayar da jarirai. Na kira Injiniya. Ta ce, "Kawu, baranda ce wurin jira. Kotu ta jama'a ce, kowa ya ji abin da ake yi." Na ce jama'a daban, shaida daban. Ta yi dariya, wai na saba da ɗakin shaidun tsohuwar kotu mai kama da kurkuku. To, ba shi da taga, na yarda. Amma wanda na rufe a ciki ba ya jin komai sai kukan cikinsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na jera shaidu a bencin baranda. Ina zan kai su?

Talata, 11 ga Maris

Abin ya faru. Shari'ar iyakar fili ce tsakanin wani tela da maƙwabcinsa. Shaidan maƙwabcin na farko ya ce ranar Talata aka kafa turakun, a'a, Laraba, don ranar ya kai akuyarsa wurin likita. Na kira na biyu daga baranda. Ya rantse, ya gyara tsayuwa, ya ce ranar Talata ce, a'a, Laraba, don ranar ya kai akuyarsa wurin likita. Kakata ma, da take maimaita mana labari ɗaya shekara goma, takan sauya wani abu.

Lauyan tela ya tambaye shi, "Malam, kai ma akuya gare ka?" Ya ce a'a, kaji yake kiwo.

Zaure ya ɗauka da dariya, ban da alƙali. Ya dube ni ta saman tabarau. "Baba, ina ka ajiye mutumin nan?" Aka ɗage zama. Tela ya rufe shagonsa yini guda a banza.

Laraba, 12 ga Maris

Takardar neman bayani ta iso, amsa kafin Litinin ta wuce. Wata huɗu ya rage in ajiye aiki, fayil ɗina fes, ko ɗigo babu. Magatakarda ya ja ni gefe. "Baba, layi ɗaya za ka rubuta, ka ce bango ne. Mu shafe shi da siminti, a kawo mana na'ura, kowa ya huta." Tun ranar tarewa yake kukan na'urar nan. In na rubuta haka, takarda za ta tafi ma'aikatar ayyuka da sunan yarinyar a kai, kuma wannan ne babban aikinta na farko.

Juma'a, 14 ga Maris

Na zayyana wa uwar yarana komai, ina jiran ta taya ni faɗa. Ko ɗago kai daga guga ba ta yi ba. "Kai da ka gani tun ranar farko, me ya hana ka gaya wa alƙali?"

Na ce ba a tambaye ni ba. A nan dai zan iya rubuta gaskiya: jira nake abin ya faru, yarinya ta ga Kawu ya fi ta sani.

Asabar, 15 ga Maris

Injiniya ta zo, mai gadi ya buɗe mana. Ta shiga akwatin shaida tana karanta jarida da ƙarfi, ni ina zagaya ginin da gwiwar nan tawa mai ciwo. A baranda har labarin wasanni na ji. A baya, gefen tanki, bangon toshe yake, shiru, ga inuwa.

Ta daɗe tana kallon hujojin. Ta ce, "Na zauna da alƙalai, na zauna da lauyoyi. Kai ne ban tambaya ba, Kawu." Na ce mu aikenmu ake yi, ba a tambayarmu. Ban so muryata ta fita haka ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na rubuta cewa ni na zaunar da shaidu inda suke ji, kuma ban kai rahoto ba. Magatakarda ya karanta sau biyu. "Ka san wannan zai shiga fayil ɗinka?" Na sani. Ni da mai shara muka kinkimi benci uku zuwa bayan tanki. Bayana na ciwo, raina ma haka.

Alhamis, 27 ga Maris

An gama shari'ar tela. Wuta ta ɗauke tun safe a unguwar, ba wanda ya lura a kotu, albarkacin sola, sai da masu shagunan waje suka shigo neman cajin waya. A tsohuwar kotu da tuni an tashi saboda zafi. Ban ce ginin ya yi ba. Har yanzu daga baranda zuwa tanki tafiya ce, sau ashirin a rana.

Injiniya ta bar mini zanen wata kotun da za su gina, wai in nuna mata inda shaidu za su zauna. Na ce zan duba kawai, ni ba injiniya ba ne. Ƙofa biyu na goge zuwa yanzu. Fensirin nata ba ya ja sosai, gobe zan nemo nawa.