Jikin Wa Za Su Shiga?

Alhamis, 11 ga Maris, 1999

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu na kalli fim ɗin Turawa a gidan bidiyon bakin tasha. Wasu halittu ne suka sauko daga sama, suna shiga jikin malaman sakandare don su mallake makarantar. Kowa ya tsorata, ni kuwa baƙin ciki ya kama ni.

Yau kasuwar Maigatari, malamanmu duk sun tafi neman na cefane, ɗalibai sun bi su dako. Kujeru na koyar.

Da muka fito daga gidan bidiyon na tambayi abokin aikina Malam Bitrus, wanda muka kalla tare, "Da a makarantarmu suka sauka fa?"

Ya ce, "Ranar Alhamis? Haba Malam, jikin wa za su shiga?"

Ya yi dariya, ni na kasa. Mako mai zuwa ni ma kasuwar zan tafi.