Ruwan Tiyo a Bakin Shagona

Ya ke Kanarina, farin watan da ya fi ƙarfin tagata, inuwar da na taɓa hutawa a ƙarƙashinta kafin a kewaye ta da katanga, ruwan randa a tsakiyar rana, ƙamshin da babu kwalbar da ta isa ta riƙe shi! Gaisuwa daga mai turaren nan na layin masu kayan kwalliya, wanda kika sani, ko in ce wanda kika taɓa sani.

Kin ga yadda yabon yake zuba? Baki ne, ya saba. Wanda ya tsufa yana shawo kan mata su sayi man da ba sa buƙata, kirari ba ya yi masa wuya. Amma yau zan auna miki gaskiya ba tare da na danna sikeli ba: na rubuta "farin wata" hannuna ko rawa bai yi ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Kin tuna ranar da ruwan sama ya koro ki ƙarƙashin rumfata? Igiyar takalminki ta tsinke, kin riƙe shi a hannu, kina sauri za ki wajen ɗaukar waƙarki ta farko. Kika juya mini baya kina gwaji ƙasa-ƙasa, numfashi yana yanke miki kafin ƙarshen baiti, kina tsaki kina sakewa. Wayyo wannan murya! Tana da ɗan kaushi kamar zumar da ba a tace ba. Na ɗiga miki turare a wuyan hannu, kika ce ba ki da niyyar saye, na ce ni ma ba ni da niyyar sayarwa. A ranar, ni da ko ɓarawon kasuwa bai taɓa yi mini wayo ba, aka kwashe ni da rana tsaka ina murmushi.

Muryarki ce ta fara barina, ta shiga wayoyin mutane. Sai fuskarki ta bi ta, ta hau kwalin sabulu da allon talla na bakin titi. Daga ƙarshe ke ma kika bi su, kika shiga fim. Ban ce kin yi laifi ba, wa zai ce wa kogi ya tsaya a ƙofar gidansa? Sai dai ni kullum fuskarki nake sayarwa. In sauke ta daga mota, in jera ta, in goge ta da tsumma, in an matsa mini in yi ragi. Kin kuwa san ciwon sana'armu: wanda yake yini cikin ƙamshi, hancinsa mutuwa yake yi, har sai ya tambayi mai saye ko turaren yana da ƙarfi.

Makon jiya mutanenki suka zo aron shagona, wai fim ɗin tarihin rayuwarki ake yi. Na ba su. Suka zaunar da ni a bencin maƙwabcina mai takalma, suka sa wani dogon saurayi mai gyararren gemu a kujerata, wai shi ne ni. Aka kawo motar ruwa, aka ɗaga tiyo sama, rana tana ƙwalla ruwa yana zuba. Sai ga ki kin taho da gudu, takalmi a hannu. Kika juya masa baya, kika buɗe baki, sai muryar wata yarinya ta fito daga lasifika, sumul kamar man shafawa, numfashinta ko sau ɗaya bai yanke ba. Darakta yana ta "a sake, a sake", har ruwan motar ya ƙare. Mai takalma ya zungure ni ya ce, "Mutumina, ashe haka kake da kyau ba mu sani ba?" Layi ya kwashe da dariya, ni ma na taya su.

Na jira kishi, bai zo ba. Na jira hawaye, shiru. Na dafa ƙirjina kamar mai laluben aljihu a cikin cunkoso. Ranar da ta fi kowace rana tsada a rayuwata ake wanke ta da tiyo a gabana, ni kuwa tunanina ko ruwan zai shiga ƙarƙashin kantata. Da za ki shiga mota kika ce, "Malam, mun gode da shago." Malam! Na ce ba komai, kuma abin da ya ba ni tsoro, da gaske nake.

Mai riƙe fitilarku ya tsegunta mini cewa a ƙarshen fim ɗin mai turare ne ya yi aure ya bar ki kina kuka. Ni? Ni da nake nan inda kika ajiye ni kamar kwantan kaya? Maganar ta kai kunnen Yayata, ta ce, "To, ko ita ta yi maka aure a fim, saura na gaske. Sai gemun ya gama fari?" Tana da wata a hannu, mai hankali, babu abin kushewa, kuma amsa take jira. Da can in ta kawo zancen, zuciyata ce take tashi ta ce a'a kafin bakina. Wannan karon zuciyar ko motsawa ba ta yi ba. Na roƙi Yaya ta ɗaga mini ƙafa har in ji daga gare ki.

Ga roƙona, ya tauraruwar da kowa yake gani babu mai taɓawa: ki zo sau ɗaya, ba kyamara, ba lasifika. Ki tsaya ki rera mini baiti guda da muryarki ta ainihi, in san ko zuciyar nan barci take yi ko ta riga ta cika ban sani ba. In ta motsa, in koma in ba Yaya haƙuri, in ci gaba da jiranki har ƙasa ta rufe idona. In kuma ba ta motsa ba, kada ki ji nauyi, ba zan ba ki kunya ba. Zan dafe ƙirji in lumshe ido yadda ya kamata, na ga yadda kuke yi.

Naki, da ji da rashin ji, wanda bai taɓa canza ki da wata ba ko a zuci,

Mai turarenki